Kurakuran da aka fi tafkawa kan labarin Pip a Great Expectations, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibai kan littafin Great Expectations na Charles Dickens ya san amsar tun kafin ya buɗe takarda. Pip yaro ne mai dogon buri, ya raina gidansu, ya tafi Landan, duniya ta koya masa hankali, ya dawo yana da-na-sani, saboda haka mutum ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Shikenan a ɗiga aya a miƙa wa lakcara. Amsar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar kankarewa daga kan mutane, amma ba abin da littafin ya faɗa ba kenan, kuma yawanci daga handawut ko taƙaitaccen bayani na intanet aka kwaso ta.

To mu fara da ita tunda ita ce uwar sauran. In da Dickens cewa yake buri laifi ne, ai da a ƙarshe ya mayar da Pip maƙera ya ɗaura masa walki ya ba shi guduma. Bai yi haka ba. Pip ya ƙare ne a Alƙahira ta Masar yana aikin akawu a kamfanin Clarriker, shekara 11 bai taka gida ba, a hankali ya biya bashin da ke kansa har ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. Abokinsa Herbert Pocket ma mai buri ne, kullum maganarsa jiragen ruwa da fatauci, kuma ya samu. Biddy, ƙawar Pip ta ƙauye, daga taya wata tsohuwa riƙe 'yar makarantar yamma ta zama malamar makaranta. Joe maƙeri da kansa, mijin yayar Pip, wanda da harafin J da O kawai ya iya ganewa, sai da ya koyi rubutu har ya bar wa Pip wasiƙa. Kowa a littafin yana neman gaba. Abin da littafin ya sa wa ido shi ne irin burin Pip, na zama babban mutum da kuɗin da bai san daga ina suke ba, bai yi musu gumi ba, sannan yana jin kunyar mutanen da suka raine shi. In za ka rubuta, ka ware waɗannan biyun, kar ka zuba su a kwano ɗaya ka kira su buri.

Kuskure na biye da shi kuwa shi ne cewa talauci ne ya sa Pip son barin ƙauye. Ina! Pip ba ya kwana da yunwa. Maraya ne dai, iyayensa da 'yan'uwansa maza biyar duk suna maƙabartar coci a fadamun Kent, yayarsa matar Joe wadda ta girme shi da sama da shekara 20 ita ta raine shi da tsawa da bulala (yayarsa ce fa, ba uwarsa ba, mutane na yawan rikita wannan), amma gidan maƙeri ne mai sana'a a hannu, kuma kafin wata rana guda yaron ba shi da wani mafarki da ya wuce ya girma ya zama yaron Joe a maƙera. Wannan ranar ita ya kamata ka zauna a kai. An kai shi Satis House gidan wata attajira Miss Havisham wai ya yi wasa, ya tarar da mace cikin kayan amarci da suka koɗe suka yi rawaya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a kan tebur, duk agogunan gidan an tsayar da su ƙarfe tara saura minti ashirin. Aka ce su buga karta da Estella, yarinya sa'arsa. Yana cikin wasa ya kira wata karta da sunan da talakawa ke kiranta, yarinyar ta yi masa dariya, ta ce ji hannayensa duk kaushi, ji wani jibgegen takalmi. Da aka tashi ta kawo masa burodi da nama ta dire a ƙasa a tsakar gida ko kallonsa ba ta yi ba, ya zagaya bayan wata ƙofa ya yi kuka yana harbin bango da ƙafa yana jan gashin kansa. Hannayen nan jiya ma su ne a jikinsa bai taɓa ganin aibinsu ba. Daga ranar ya fara jin haushin cewa Joe bai koya masa sunan karta irin na manya ba. Kunya ce mafarin komai, kuma wata ce ta dasa masa ita da gangan, don Miss Havisham ta raini Estella ne musamman ta rama mata abin da namiji ya yi mata na fasa aurenta ranar biki. Da ya faɗa wa Biddy yana son zama jentulman, wato babban mutum, saboda Estella, tambaya ɗaya ta yi masa, don ka ƙuntata mata ne ko don ka same ta? Bai iya amsawa ba. Wannan tambayar ta fi shafi uku na bayanin handawut amfani.

Sai kuma mantawa da cewa Pip biyu ne a littafin. Akwai yaron da abin ke faruwa da shi, akwai dattijon da ke ba da labarin bayan shekaru da yawa. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta wai Pip ya san yana zaluntar Joe tun lokacin, hujjarsa wata jimla mai zafi inda ake zagin halin Pip, alhali babban ne ke zagin ƙaramin. Wani kuma ya ɗauki duk abin da mai labarin ya faɗa kamar hukuncin alƙali, ya manta mutum ne ke ba da labarin kansa, wani wuri yana yi wa kansa ba'a, wani wuri yana ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, tun yana ɗan shekara bakwai da ya sato abinci da magagari ya kai wa fursuna yake yawo da jin shi mai laifi ne. Gyaran ba wuya, duk jimlar da za ka kafa hujja da ita ka tambayi kanka wa ke magana a nan, mai shekara nawa.

Yanzu ga inda aka fi zamewa, maganar jentulman. Yawancinmu muna karanta shi a matsayin mai kuɗi kawai, ko mai ladabi. A Ingilar wancan zamani matsayi ne, kuma babbar alamarsa ita ce ba ka aikin hannu, kuɗi na shigo maka daga gado ko haya ko riba kana zaune. Shi ya sa da lauya Jaggers ya zo ƙauyen, Pip na shekara ta huɗu a koyon ƙira, bai ce an samo masa aiki ba, bai ce za a biya masa karatun likita ko lauya ba. Cewa ya yi akwai dukiya da za ta zo hannunsa, za a raine shi a matsayin jentulman, da sharaɗi biyu: ya ci gaba da amsa sunan Pip, kuma kar ya kuskura ya binciki wanda ke bayarwa. Malaminsa Matthew Pocket ma an gaya masa ba wata sana'a ake shirya yaron dominta ba, a dai koya masa abin da zai iya zama cikin 'ya'yan masu hali ba ya jin kunya. To me ya yi a Landan? Ya sayi kayan ɗaki, ya ɗauki yaron gida ya ɗinka masa kaya masu launi sannan ya rasa aikin da zai ba shi, ya shiga wani kulob na samari da ba abin da suke yi sai cin abinci mai tsada da rigima. Wurin da ya fi ba ni dariya shi ne in bashi ya yi musu katutu shi da Herbert, sai su sayi abincin dare mai kyau, su baje takardu da alƙaluma, kowa ya rubuta jerin bashinsa da kyakkyawan rubutu, su ƙara wani abu a sama wai ko da an manta wani, su ji kamar sun biya, washegari su ci sabon bashi ya cinye abin da suka ƙara. Da ya cika shekara 21 aka yanka masa fam 500 a shekara, kuɗi ne masu kauri sosai a lokacin (ka kwatanta da abin da Miss Havisham ta biya Joe na duk koyon sana'arsa, gini 25, wato fam 26 da sule 5) amma bashin bai ƙare ba.

In kana son nuna wa mai duba takardarka ka fahimci abin da Dickens ke yi da wannan matsayi, kar ka tsaya kan Pip, ka tafi shari'ar Magwitch, fursunan nan da Pip ya kai wa abinci yana yaro, da abokin laifinsa Compeyson. Tare suka yi laifi, Compeyson ne ma ƙwaƙwalwar, shi ne mai buga takardun jabu da damfara, shi ne kuma wanda ya yaudari Miss Havisham. Amma a kotu ya zo da baƙaƙen kaya masu kyau da farin hankici, ya yi makarantar manya, ya iya magana, shi kuwa Magwitch abin da ya fara tunawa a rayuwarsa shi ne satar abinci a gona don ya rayu. Aka ba Compeyson shekara 7, aka ba Magwitch 14. Ga Bentley Drummle kuma, ɗan babban gida na gaske, dabba a hali, shi ya auri Estella ya wulaƙanta ta. Har wata 'yar magana Herbert ya yi kan mahaifin Miss Havisham da ya yi arziki da kamfanin giya, cewa mai dafa giya yana iya zama cikin manya amma mai gasa burodi ba ya iyawa, kuma ba wanda ya san dalili. Ka ga ashe matsayin da Pip ke mutuwa a kai ba shi da wata ƙa'ida ta hankali.

Magwitch kuma ana yi masa kuskure ta fuska biyu. Wasu su ce mugun fursuna ne da ya ɓata wa Pip rayuwa, wasu su mayar da shi waliyyi. Babi na 39 ne maganin duka biyun, wallahi in babi ɗaya kawai za ka karanta da idonka to wannan ne. Pip na da shekara 23, dare ne ana ruwa da iska, shi kaɗai a ɗakinsa a unguwar Temple, ya ji taku a matakala, ya leƙa da fitila, ga wani tsoho da furfura yana miƙo masa hannu biyu. Da ya gane fursunan fadama ne sai ya fara yi masa magana irin ta manya, yana nuna masa hanyarsu ba ɗaya ba ce yanzu, har ya zaro takardun fam ɗaya guda biyu sababbi wai ya mayar masa da kuɗin da ya taɓa aiko masa yana yaro. Tsohon ya karɓa ya naɗe su ya kai kan fitila ya ƙone. Sannan ya fara tambaya a hankali, kuɗin da kake samu a shekara, lambar farko biyar ce ko? Lauyan da ke kula da kai, sunansa da J ya fara ko? Nan ɗakin ya fara juya wa Pip. Duk shekarun nan ya sakankance Miss Havisham ce ke ɗaukar nauyinsa kuma tana tanadar masa Estella, ita ma ta bar shi a haka don ta ƙona ran danginta masu jiran gado. (Har yau akwai masu rubuta cewa ita ce, alamar a tsakiyar littafi suka tsaya.)

Abin lura a nan guda biyu ne. Magwitch ya yi wahala ta gaske, an kore shi zuwa New South Wales a Ostareliya na har abada, ya yi kiwon tumaki a daji shi kaɗai, ya tara, kuma dawowarsa Ingila hukuncinta kisa ne, ya sani ya dawo. Amma shi ma burinsa yake cikawa. Da bakinsa ya ce in masu dawakai suka bule shi da ƙura a can sai ya ce a ransa, ni ba jentulman ba ne amma ina da nawa a Landan. Yana taɓa agogon Pip da zobensa da littattafansa kamar mai duba kayan da ya saya. Abin da Miss Havisham ta yi da Estella shi ya yi da Pip, kowannensu ya ɗauki yaro ya ƙera shi don ya rama abin da duniya ta yi masa, bambancin dai nasa akwai godiya da ƙauna a ciki. Na biyun kuma, ka tambayi dalilin da ya sa Pip ya ji ƙyama. Kuɗin giya da ya zata na Miss Havisham ne bai dame shi ba, kuɗin gumin makiyayi ne ya ga ƙazanta. Sannan Estella da ta raina hannayensa ashe 'yar Magwitch ce, uwarta Molly mai aikin gidan Jaggers wadda aka taɓa tuhuma da kisan kai. Duk abin da yake gudu da duk abin da yake bi tushensu ɗaya.

A kan Joe ba zan daɗe ba, amma a daina rubuta cewa wawa ne mai kirki. Ya gaya wa Pip dalilin da ya sa yake haƙuri da masifar matarsa, ubansa mashayi ne mai dukan uwarsa, ya gwammace a cuce shi da ya cuci mace. Da Jaggers ya so ba shi kuɗi don ya saki Pip saura kaɗan ya kai masa naushi. Ziyararsa Landan a babi na 27 kuwa, duk wanda ya yi makarantar kwana ya ga ɗalibin da babansa ya zo daga ƙauye ranar ziyara yana ta jan sa gefe kar abokai su gani ya san wannan yanayin. Pip ya ce da kuɗi za su hana Joe zuwa da ya biya. Joe ya shigo cikin kayan coci da suka shaƙe shi, ya rasa inda zai ajiye hula, ya ɗora ta a gefen murhu tana ta faɗowa yana cafewa, yana kiran yaron da ya goya da kalmar girmamawa irin ta bara da ubangida. Amma da zai tafi shi ya fi kowa fahimtar abin da ke faruwa, ya ce shi bai dace da kayan nan ba, in Pip na son ganinsa daidai ya leƙo tagar maƙera. Washegari Pip ya je garinsu, ya sauka a masaukin Blue Boar bai taka gidan Joe ba, da ya koma Landan ya aika masa kifi da gangar kawa wai wanke laifi.

To yaushe Pip ya girma? Nan ma ana kuskure, ana cewa ranar da ya cika 21 ko ranar da ya gano gaskiya. Ranar da ya gano gaskiya ai kansa kawai yake tausayi. Girman a hankali ya zo kuma duk lokacin da kuɗi ke zamewa ne. Ya daina karɓar kuɗin Magwitch, ya roƙi Miss Havisham fam 900 don a kammala saya wa Herbert gurbi a kamfani, abin da ya fara a ɓoye da fam 250 kuma shi ne kaɗai abin kirki da ya yi da dukiyar. Ya ƙone hannayensa wajen kashe wutar da ta kama ta. Suka yi ƙoƙarin fitar da Magwitch ta kogin Thames a kwale-kwale don ya hau jirgin Hamburg, aka kama su, Compeyson ya nutse, kuma a nan ne, da ta tabbata gwamnati za ta ƙwace dukiyar kaf ba abin da zai samu, Pip ya riƙe hannun tsohon ya ƙi saki, a kotu ma yana gefensa, a asibitin kurkuku ma kullum yana zuwa, har ya gaya masa 'yarsa na raye kafin ya cika. Amma kar ka rubuta cewa daga nan ya zama cikakken mutum. Bayan ya kwanta ciwo Joe ya yi jinyarsa ya biya masa bashin fam 123 da 'yan kai, sai gogan naka ya shirya tsaf ya tafi ƙauye wai zai auri Biddy, ko a ransa bai kawo cewa tana da tata rayuwar ba, ya isa ya tarar ranar ce aka ɗaura mata aure da Joe. Wannan ɗin ma yana cikin tarbiyyarsa, kuma shi ake yawan tsallakewa.

Wasu ƙananan gyare-gyare da ke cin maki. Littafin ya fito ne mako-mako a mujallar Dickens mai suna All the Year Round daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861, shi ya sa babi da yawa ke ƙarewa da ɗaukar hankali, amma labarin kansa ya faru shekaru da dama kafin nan, kafin Sarauniya Victoria ta hau mulki a 1837, shi ya sa keken doki ake hawa zuwa Landan ba jirgin ƙasa ba. Babi 59 ne, kashi uku, 1 zuwa 19 ƙauye, 20 zuwa 39 Landan, 40 zuwa 59 rushewa, in ka riƙe wannan ba za ka rikita jerin abubuwa ba. Wanda ya rotsa wa matar Joe kai Orlick ne, ma'aikacin Joe a maƙera, da marin ƙarfen da Magwitch ya goge daga ƙafarsa ya yar a fadama. Sannan a rage cewa Pip shi ne Dickens. Gaskiya ne an kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi a 1824, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, abin da ya ɓoye wa kusan kowa, kuma ya tashi a Chatham kusa da fadamun nan. Wannan ya isa ka ce ya san kunya daga ciki. Amma shi da alƙalaminsa ya yi arziki, ba wanda ya aiko masa da lauya.

Ƙarshen littafin kuma kar ka rubuta wai Pip ya auri Estella, ba inda aka ɗaura aure. Ƙarshe biyu ma gare shi. A wanda Dickens ya fara rubutawa sun haɗu ne a titin Piccadilly a Landan, tana cikin keken doki, Drummle ya mutu ta auri wani likita daga Shropshire, suka gaisa kowa ya kama gabansa. Abokinsa marubuci Edward Bulwer-Lytton ya karanta ya ba shi shawara ya canza, sai ya rubuta wanda ke cikin littafin yanzu, inda suka haɗu a kangon Satis House bayan an rushe gidan, ita bazawara, ta ce za su zama abokai amma kowa a nasa wuri, shi kuma ya riƙe hannunta suka fita yana cewa bai hango wata rabuwa ba. Na farkon sai bayan rasuwar Dickens a 1870 John Forster ya fitar da shi a tarihin rayuwarsa da ya rubuta. Masu cewa sun yi aure galibi fim suka kalla, musamman na David Lean na 1946 inda Pip ya yage labulen gidan ya fito da ita. Ni dai na farkon ya fi kwanta min, ya fi dacewa da mutumin da aka ƙwace wa komai, amma kowanne ka zaɓa za ka iya kare shi, ka dai faɗa a layin farko wanne kake nufi, sannan ka duba bayan kwafinka, bugu da yawa suna saka na Piccadilly ɗin a shafukan ƙarshe.